Rumbun Gwaba

Kwanakin baya ɗana ya dawo daga kasuwar Dogon Dutsi da wata koriyar raga ta roba a ɗaure bayan babur. Shi da ƴarsa, jikata mai karatu a kolej, suka shiga garka da turakun ƙarfe huɗu. Ita ce ke riƙe da salula tana nuna wa ubanta yadda wani mutum a wata ƙasa ya kafa tasa. Kafin in gama alwalar la'asar sun lulluɓe gwabobinmu uku, sun ɗaure bakin ragar, har sun fara wanke hannu. Ina zaune kan tabarma ina kallonsu sai dariya ta kama ni, irin wadda ke zuwa da tari. Jikata ta tambaye ni abin dariya. Na ce mata aikin nan da suka gama kafin shayi ya huce, ni shekara guda ya ci mini, ya jawo mini sunan da har yau tsofaffin garin nan ba su daina kirana da shi ba, kuma saura kaɗan ya kashe mini aurena na fari. Ta ce ita ba ta taɓa jin na yi wani aure kafin kakarta ba. Na ce ai ba kowane aure ake ɗaurawa da goro ba.

A lokacin da nake saurayi, idan hatsi ya fara ido, ƙauyenmu na kusa da Geceme ba ya yin shiru daga fitowar rana har faɗuwarta. Kowace gona akwai dakali na itace a tsakiya, da igiyoyi da aka ja zuwa kusurwoyi, an rataya musu tsofaffin gwangwanaye da sakaina. Mai tsaro ya fizgi igiya, gona ta ɗauki ƙara, tsuntsayen jan baki su tashi su koma gonar maƙwabci, shi ma ya fizgi tasa ya mayar maka da su. Haka za a wuni ana miƙa wa juna baƙi. Muryoyinmu duk sun dushe kafin girbi, hannuwanmu sun yi kanta saboda majaujawa. Yanzu in na fita bakin fadama ba na jin komai sai injin ban ruwa da rediyon wani. Ba na cewa zamanin da ya fi na yanzu, don na san yunwar da jan baki ke sa mutane, amma kunnena yakan nemi ƙarar nan. Abin da nake son a gane shi ne, mu mutanen hatsi ne. Hanya biyu kawai muka sani ta raba abinci da tsuntsu: ko ka yi masa ihu, ko ka zuba abinka a rumbu ka rufe.

Gwaba kuwa baƙuwa ce a wurinmu. Wani maƙwabcinmu Kirista, wanda ya yi shekaru yana aikin ban ruwa a garkar mishan, shi ya kawo wa mahaifina dashe ɗaya a cikin gwangwani. Muna kiransa Baba Mai-garka. Mahaifina ya karɓa don kunya, ya miƙa mini, ya ce in kafa ta kusa da rijiyarmu ta fadama in ga abin da za ta zama. Na kafa, na yi ta ɗura mata ruwa da guga shekara uku, ta girma ta ɗan fi tsawona. Da ta fara ƴaƴa sai muka gane ashe ba mu kaɗai muke jira ba. Akwai wasu tsuntsaye masu baƙin kai da ke zuwa biyu-biyu da sassafe suna surutu, ga kuma shaya mai sheƙin baya. Su ba sa taɓa ɗanya. Sai ranar da gwaba ta yi rawaya ta yi laushi, ranar da kai ma ka ce gobe zan tsinka, sai ka iske sun huda ta sun kwashe cikin sun bar maka ɓawo a rataye. Mu yara ba mu damu ba, muna tsinkar ɗanya mu gurgura da gishiri. Mai asara ita ce kakata, uwar mahaifina, wadda ba ta da haƙori ko ɗaya.

Ita ce matar tawa ta fari. Tun ranar sunana ta ce ta yi miji, kamar yadda kakanni ke yi da jikoki, kuma ba ta taɓa sassauta mini ba. In na wuce ban gaishe ta ba, ta ce mijin zamani. In na kawo mata itacen wuta, ta ce ɗanye ne, ƙanena ya fi ni iya kula da mace. Ni kuma in ce tsohuwa ta cika ci, zan sake ta in huta. Ta taɓa cin gwaba sau ɗaya a gidan Baba Mai-garka, wadda ta nuna a kan uwarta, kuma ba ta manta ba. Mun gwada binne mata ɗanya a cikin dussa har ta yi laushi, ta ɗanɗana ta tofar, ta ce wannan nunar wahala ce, ita nunar bisa take so. Wata rana ina wucewa da fartanya, gaban mata masu sussuka, ta kira ni.

"Kai maigida, kai wane irin miji na? Icce guda gare ka, tsuntsu shi riga matarka ci. In bana ma ban ci nunar bisa ba, yaji za ni yi, in koma wurin ƙanenka."

Mata suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini. Saurayi ne ni mai ji da kansa, kuma ina sonta fiye da yadda bakina zai iya faɗa a lokacin.

Na fara da abin da na sani. Na rataya gwangwanaye, tsuntsayen suka saba da su cikin kwana biyu, har suna sauka a kan igiyar. Na kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigar mahaifina, suka mai da hularsa wurin hutawa. Ba zan iya wuni gindin itace ɗaya ba alhali ga noma na jirana. Sai dabara ta faɗo mini, na kai wa mahaifina, ya saurara ya gyaɗa kai. Ya ce abin da ya tsare hatsin shekara daga tsuntsu da ɓera ba zai kasa tsare ƴaƴan itace ɗaya ba. Har zana ya ba ni, sabuwa dal ta gamba, wadda ya tanada don gyaran rumbunmu. Da Baba Mai-garka yana gari da ya hana mu, amma ya tafi Dogon Dutsi wajen ƴarsa da ta haihu, kuma duk wanda ya zo wucewa manomin hatsi ne irinmu, sai dai ya ce madalla.

Na kafa gwafanni shida kewaye da gwabar, na yi musu tanka, na naɗa zana riɓi biyu, na ɗaure da igiyar kaba tamau yadda ko ƙadangare sai ya yi dabara kafin ya shiga. Sannan na yi jinka, abokaina suka taya ni ɗagawa muka kifa a kai. Da na ja baya na duba, wallahi ban taɓa ganin rumbu mai kyansa ba. A lokacin ƴaƴan gwabar suna kamar kanya, na ƙirga su kafin in rufe, sun fi arba'in. Na bar ƴar kafa a ƙasa inda nake zuba ruwa. Na je na gaya wa kakata ta fara wasa dasashi. Tsuntsayen suka zo suka yi ta kewaya jinkar suna ƙorafi, ni kuma ina jin kaina sarki.

Bayan mako uku Baba Mai-garka ya dawo. Ya biyo ta fadama da yamma ya same ni ina zuba ruwa a gindin rumbu. Ya tsaya, ya dubi rumbun, ya dube ni, ya duba inda gwabarsa take a da.

"Ɗana, wanga mi na? Wa ka ba rumbu ruwa?"

Na yi masa bayani da alfahari. Sai ya sa hannu ya kwance igiya ya buɗe zanar. Wani warin rima ya bugo mu. Ganyen ya yi fari-fari ya zube, rassan sun yi tsirara, ƴaƴan nan arba'in duk suna ƙasa sun yi baƙi, gara kuma ta hau zanar mahaifina tana biki. Tsohon nan ya yi ƙoƙarin riƙe dariya don kada ya kunyata ni, amma ta fi ƙarfinsa, har sai da ya zauna a bakin rijiya. Da ya share hawaye ya ce mini hatsi ya gama shan ranarsa kafin a kai shi rumbu, shi kuwa itace kullum rana yake ci, in ka hana shi ita ka hana shi tuwo. Kafin magariba labari ya gama gari. Daga ranar na zama Mai Rumbun Gwaba, kuma mahaifina, wanda ya ba da zanar da hannunsa, ya shiga cikin masu dariya kamar bai san zancen ba. Kakata ta sa aka ɗauko mata ƙullin kayanta ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce ta shirya, jira take rana ta yi sanyi ta tafi.

Gwabar ba ta mutu ba. Baba Mai-garka ya sare busassun rassan, ya ce in zuba mata takin awaki in ci gaba da ban ruwa, in kuma rabu da ita ta sha iska. Cikin sanyi ta yi sabon toho, da sanyi ya fara ja baya ta yi fure fari, ƙudan zuma suka cika ta. Ina murna ke nan sai zazzaɓi ya kwantar da kakata. Muka ɗora ta a amalanken jaki zuwa wurin likita a Geceme, aka yi mata allurai, zazzaɓin ya tafi amma ya tafi da cin abincinta. Tuwo ba ya wucewa. Fura sai ta kurɓa sau biyu ta ture. Wata Bafulatana da ke kawo mana nono takan zauna ta lallashe ta, da ƙyar ta sha rabin ludayi. Ta ce bakinta ɗaci yake, komai ɗaci. Awarwaron da ke hannunta ya fara zamewa har gwiwar hannu. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ta daina tsokanata. In na shiga gaishe ta sai ta amsa da sunana na gaskiya, ta ce Allah shi yi albarka. Ban taɓa jin tsoro kamar na ranakun nan ba. Na sa a raina cewa in gwabar nan ta nuna ta ci, bakinta zai buɗe, in kuma tsuntsaye suka riga ta, ban san ko za ta ga wata shekarar ba.

Wannan karon na je na durƙusa gaban Baba Mai-garka na tambaya. Ya ce abin da nake bukata ɗaki ne mai ido, wanda rana da iska da zuma za su shiga amma kan tsuntsu ba zai shiga ba, kuma faɗin idon kada ya wuce kaurin babban yatsa. Na dubi nawa yatsan na manomi, na ga shaya za ta iya bi ta wurin da kayanta. Sai na yanko ƴan sanduna na shiga ɗakin kakata, na kama hannunta ina gwada su da babban yatsanta har na sami wanda ya yi daidai. Ta buɗe ido ta dube ni. A hankali ta ce, shekara goma sha takwas da aure sai yau za a auna ta a yi mata zobe. Ban san lokacin da na yi dariya ba, na fita da sandan nan kamar an ba ni doki.

Aikin ya ci mini kusan wata guda, kuma duk a cikin zafin bazara. Na mayar da gwafannin nan shida, amma na ja su baya don kada reshe ya taɓa bango tsuntsu ya ci daga waje. Na lanƙwasa rassan geza na yi baka a sama. Na fere karan gamba ɗaya bayan ɗaya, ina jera su a tsaye ina sa sandan awo a tsakani, ina kitse su da zaren kaba kamar asabari mai giɓi. Saman kuwa raga na saƙa, ƙulli bayan ƙulli, kowane ido sai na zura sandan. Mahaifina, da ya ga abin na gaske ne, ya riƙa zama da hantsi yana yi mini tufka ba tare da na roƙe shi ba. Mahaifiyata ta jiƙa kaba ta tsaga. Na yi ƴar ƙofa da za a shiga a sunkuye. Mutane suka riƙa biyowa ta fadama don su ga kejin da aka sa itace a ciki aka bar tsuntsu a waje, wasu na tambaya ko bana ma da jinka. Na ci gaba da aikina. Ina gani da idona rana na zuba a kan ganyen, ƴaƴan na ƙara girma, tsuntsayen nan masu baƙin kai suna sauka a kan ragar suna leƙe suna zagina da yarensu.

Wata safiya bayan ruwan fari, tun kafin in kai ga rijiya ƙamshi ya tare ni. Na sunkuya na shiga. Ga gwaba guda a reshen gabas, rawaya, ba tabo ko ɗaya, ina taɓa ta ta faɗo a tafina. Na sa ta a hula na riƙe da hannu biyu, ban tsaya gaisawa da kowa ba har gida. Kakata na jingine da bango an fito da ita shan iska. Na durƙusa na miƙa mata. Ta karɓa ta shinshina, ta daɗe tana shinshinawa, ta danna ta da babban yatsan nan ya shige. Na ga maƙogwaronta ya motsa. Sai ta tambaye ni ko wannan ce ta fara nuna. Na ce ita ce, ban san bakina ya jawo mini ba. Ta miƙo mini abata.

"Tahi ka aza ta bisa ragar. Ba a cin nunar hwari."

Na ce Kaka, shekara guda ina yaƙi da tsuntsayen nan, yanzu kuma in kai musu da hannuna? Na ce ita ce ba ta da lafiya, ba su ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ta bar ni na gama, sannan ta ce tun tana yarinya ba ta taɓa ganin an ci abin da gona ta fara bayarwa ba, ko hatsi ko wake ko kabewa, kuma ba za ta fara da tsufanta ba don kwaɗayi.

"Ubanka shi ce sadaka ta. Mai-garka shi ce ta Ubangiji ta. Uwata cewa takai ta aljana Doguwa ta. Ni dai abin da nig gani, tsuntsu ka canye ta. Ka hana su arba'in, ba su guda."

Na koma fadama ina ƙunƙuni, na ɗora gwabar a saman ragar da na saƙa da hannuna, na zauna a bakin rijiya. Ba a jima ba suka sauko su biyu, suka huda ta suna ci suna kallona. Na ce musu su ci, Allah ya isa. Daga nan na shiga na duba sauran, na ga akwai ɗaya da ta fara juyawa, na yi ta roƙon Allah ya sa tsohuwar nan ta jira ta.

Kwana biyu ta ɗauka kafin ta nuna, kuma ban taɓa ganin kwana biyu masu tsawonsu ba. Da na kawo ta, kakata ba ta yi tambaya ba. Ta tsaga ta da yatsu, cikin ja wur, ta kai baki ta tsotsa, ta riƙa murza ta da dasashi tana tofar da ƙwallayen a tafin hannu, ruwan na bin haɓarta. Duk gidan muka tsaya muna kallo kamar ba mu taɓa ganin mutum na cin abu ba. Ta cinye har ɓawon, ta lashe yatsu, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ƴak ƙarama ta, kuma da tsami-tsami. Amma na hwasa yajin. A maida mani kayana ɗaka."

Sannan ta juya wajen mahaifiyata ta tambaya ko akwai sauran miyar kuka ta jiya, a dama mata tuwo mai ruwa-ruwa. Mahaifiyata ta tashi da gudu har tana tuntuɓe da turmi. Ni kuwa na zagaya bayan rumbu, na gaske, na yi kukana inda ba mai gani. Likita zai ce allurai ne suka yi aiki a hankali, kuma ba zan yi masa gardama ba. Ni dai na san ta ci gwabar shekarar har ta gaji, ta ci ta shekaru da yawa bayanta, kuma ita ta fara goya ɗan nan nawa da ya sayo ragar roba. Kowace shekara gwabar da ta fara nuna a kan raga take ƙarewa, tana raye da bayan ranta.

Kejin nan gara ta cinye shi tuntuni, uwar gwabar ma ta bushe, waɗannan ukun jikokinta ne. Ragar roba ta fi tawa kyau, ta fi ta sauƙi, ba wanda zai fere kara wata guda a cikin rana, kuma na yi wa yaran murna. Haƙorana yanzu saura huɗu, ba kuma waɗanda ke fuskantar juna. Jikata ta gaji kujerar kakata, ita ce ke kirana mijinta tana cewa na tsufa za ta canza ni. Yau da hantsi ta shigo da gwaba a tafin hannu, rawaya, ƙamshinta ya riga ta isowa. Na karɓa na danna, yatsana ya shige, yawuna ya tsinke. Na daure na miƙa mata, na fara cewa ta je ta ɗora a kan raga. Ta tura mini hannuna baya.

"Ci abinka, tsoho. Ta hwarin tun shekaranjiya na aza masu bisa. Wagga ta biyu ta."

Ban taɓa gaya mata ba, ashe tana kallona duk shekarun nan. Na tsaga gwabar na ci, ruwan na bin gemuna, tana tsaye tana jira ta ji abin da zan ce. Na ce mata ƴar ƙarama ce, kuma da tsami-tsami.